Kaka Ta Ari Harshena

Jiya na ratsa ta layin masu kayan miya a kasuwar Tamanrasset, sai wani ɗan Nijeriya ya kwance bakin buhun busasshen jatan lande. Ƙarnin ya daki hancina, na tsaya cak kamar an kira sunana. Mai kayan ya zaci ciniki zan yi, har ya fara cika mini gwangwani. Ni kuwa tuni na koma gidanmu na jar ƙasa, ina ƴar shekara tara ko goma, tsugune gaban wani kasko ni da Kaka.

Bari in gaya muku wace ce Kaka. Uwar babana ce, kuma ba a ƙasar Hausa aka haife ta ba. Can cikin rairayin Fazzan ta tashi, a wani ƙauye bakin tafkin gishiri. Kakanmu mai bin ayari ne, shi ya auro ta ya kawo ta Agadas, ta zauna har Hausa ta kama bakinta, al'adunmu suka kama jikinta fiye da wasu ƴan asali. Bayan rasuwarsa, wajen shekarun da Faransawa suka tattara komatsansu, Baba ya buɗe butik, wato kanti, a nan Tamanrasset ya kwaso mu duka.

Kaka ba ta gajiya da labarin tafkinsu. Ta ce gishirinsa ya kai mutum ya kwanta a kan ruwan bai nutse ba, kifi kuwa ko ɗaya babu. Abin da ke rayuwa ciki wasu ƴan halittu ne masu ja-ja, tsawonsu bai wuce ƙwayar shinkafa ba, suna iyo a rigingine. Duda suke ce musu. Mata kan shiga ruwan da tsumma ɗaure a bakin sanda su tace su, a daka da dabino, a dunƙula, a binne cikin rairayi ya bushe. Garuruwan maƙwabta suna yi musu gori, wai masu cin tsutsa. In ta kawo nan sai ta taɓe baki ta ce ai waɗanda ba su samu ba ne ke faɗa.

To, akwai wata damuwa a gidanmu wadda kowa ya sani, ba mai furtawa. Wani lokacin sanyi, irin sanyin nan na Tamanrasset da ruwan randa ke yanka haƙori, Kaka ta yi zazzaɓi mai tsanani. Ta tashi, amma harshenta bai tashi tare da ita ba. Ta daina jin ɗanɗano, ita kuma ba ta sani ba. Ga shi tun fil'azal ita ke sa gishiri a tukunyar gidan, ba ta yarda wani hannu ya taɓa ƙwaryar ba. Sai ta barbaɗa, ta lasa, ta ji salam, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Wayyo miyar nan! In ka kai loma ɗaya sai idonka ya kawo ruwa.

Wa zai faɗa mata? Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta kamawa, "wancan" take ce masa, shi ma bai iya haɗa ido da ita. Haka zai cinye tuwonsa tas, ya yi hamdala, ya fita zaure ya yi ta kwankwaɗar ruwa. Inna kuwa suruka ce, gara ta haɗiyi wuta da ta ce miyar uwar mijinta ta yi gishiri. Ranar da na yamutsa fuska a bakin akushi, ta murɗe mini kunne ta ce, "Kul!"

Ana nan sai wani madugu abokin Baba ya dawo daga wajen Gat, can ƙasar Fazzan, ya kawo wa Kaka wani ɗan ƙulli a tsumma. Da ta kwance, wata ƙura ce ruwan ƙasa kamar garin taba, ba ta fi cikin cokali ba. Ta ce ƙwan duda ne, daga bakin tafkinsu aka kankaro, kuma yana iya shekaru yana barci har ya ji ruwan da ya dace da shi. Madugun ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe, hanyar ta cika da ƴan dowan masu karɓar kuɗin fito da tambayar takardu, ya sayar da raƙumansa. Kaka ta gane ba wanda zai sake kawo mata. Ta ce burinta ɗaya, ta ga duda suna iyo kafin ta koma ga Allah.

Ta sa aka samo mata faffaɗan kasko, ta ajiye a inda rana ke sauka da hantsi. Tana fasa gishirin Amadror, wanda ayari ke kawowa daga hamada, a turmi tana karanta mini ƙa'idar. Ruwan daɗi zalla kashe su yake yi. In ana son ƙwai ya fashe, gishirin ya zama kamar na hawaye. In sun fara girma sai a ƙara kaɗan-kaɗan, har ya zama kamar miyar da hannu ya zarce. In ya wuce haka, sai su tsumbure, su yi ja wur, su mutu. Ƙa'idar nan tana kanta daram. Abin auna ta ne ya lalace.

Kashin farko da ta zuba, ko motsi. Ta ce sanyi ne bai gama wucewa ba. Kashi na biyu ma ya yi ta yawo a saman ruwa, har wata rana da la'asar hadari ya taso daga kan duwatsu, aka sheƙa ruwan da ya sa kori, busasshen rafin garin, ya kawo, yara muka yi ta tsalle cikin taɓo. Ruwan saman ya sauka cikin kaskon. Washegari sai ga wasu ƴan ɗigo-ɗigo suna zillo. Kaka ta yi guɗa, wallahi ban taɓa jin ta yi guɗa ba sai ranar. Sannan ta lasa ruwan, ta ce ruwan sama ya wanke gishirin, ta ɗebo ta zuba. Ta lasa, ta ƙara. Ba a jima ba suka yi ja, suka daina zillo, suka kwanta a gindin kasko. Da ta juya baya na tsoma yatsa na lasa. Har ƙwaƙwalwata na ji shi.

Saura ɗan kaɗan a kusurwar tsumma. Kaka ta ƙulle, ta tura ƙarƙashin filo, ta daina fitowa tsakar gida. Abinci ma sai ta taɓa ta ture. Na ji tana cewa, ba da kowa take ba, "Sun ƙi ni. Na daɗe da barin gida, sun manta ni."

Maganar nan ta tsaya wa kowa a rai. Baba ya yi ta shiga da fita ba dalili. Da safe Inna tana yi mini kitso, ita da ta murɗe mini kunne, sai ta ce da bango, "Ikon Allah, ita dai jika ba abin da ba ta iya faɗa wa kakarta." Ta ja gashina da ɗan ƙarfi don in ji da kyau. Kun san wasan jika da kaka, a nan ne kawai kunya ba ta da wurin zama.

Na shiga ɗakin, na saki murya irin ta tsokana. Na ce, "Tsohuwa, duda ba su manta ki ba. Harshenki ne ya riga ki tafiya lahira. Ruwan nan ko raƙumi ba ya sha."

Har na fara neman ƙofa. Can ta ce, "Miyar ma?"

Na ce, "Miyar ma. Tun zazzaɓin nan."

Ta dubi wajen zaure ta daɗe. "Kuma wancan yake cinyewa tas?"

Na ɗaga kai. Ta sa bakin mayafi ta share ido. Sai ta kai mini ranƙwashi marar zafi ta ce, "Ƴar nema. To kawo naki harshen, ara mini."

Haka muka yi. Ita ke riƙe da ƙwaryar gishiri, ni ke lasa. "Ya kai hawaye?" In ce da saura, ko in ce tsaya haka. Ta zazzage tsumman har ta kaɗe shi, suka kuwa fashe. Kullum da hantsi in lasa, don iskar garin nan shan ruwa take yi ta bar gishiri, in ya fara cizo mu ƙara na rijiya. Tana kankaro koren da ke jikin randa ta zuba musu, wani lokaci ta busa musu ƴar dusar gero. Suka girma a idonmu, suka yi ƙafafu kamar gashin ido, suna iyo a rigingine yadda ta faɗa. Kaka kan wuni gaban kaskon tana yi musu magana da harshen garinsu, wanda ban taɓa jin ta yi da kowa ba. Tukunyar miya ma ni na zama mai lasawa, Baba ya rage zarya wajen randa.

Da suka ƙosa ta tace rabi da tsumma, ta daka da dabinon garin Abalessa, ta samu ɗan dunƙule kamar goro. Da ya bushe ta gutsura ta sa a baka. Ta tauna, ta tauna, muna kallonta. Ba ta ji komai ba, na gani a fuskarta. Sai ta miƙo mini sauran.

"Faɗa mini, yaya yake?"

Na tauna. Na ce, "Kaka, ƙarni kamar kifin da ya kwana a rana, ga gishiri, ga yashi. Wannan kuke yi wa kuka?"

Ta fashe da dariya har da riƙe ciki, hawaye na bin kumatunta. "Shi ne! Wallahi shi ne, har yashin!"

Kaka ba ta ga wata bazarar ba. Yau gidan jar ƙasa ya zama bene, ruwa a famfo yake zuwa, kuma an ce mini mutanen ƙauyen nan sun daɗe da tashi daga bakin tafkin, ba wadda ke shiga da tsumma. Jikokina da na ba su labarin toshe hanci suka yi. Ban yi fushi ba, ni ma abin da na yi ke nan. Amma in an tambaye ni ko na taɓa zuwa Fazzan, nakan ɗan yi jim kafin in ce a'a, don ni na ɗanɗana wa Kaka garinsu.