Tana Ci Kuwa? Jinjina ga Malam Zailani na Kwarbai

Duk wanda ya zauna a Kwarbai ya san ƙarar keken Malam Zailani kafin ya san fuskarsa. Keken ba shi da ƙararrawa, ba ya ma bukatarta, domin akwatin kwanon da ke ɗaure a bayansa ya ishe shi sanarwa: kwalaben magani da sirinji sai kacau-kacau suke tun daga ƙofar gidansa. Da ya karya da koko da ƙosai sai ya hau ya nufi asibitin dabbobi, inda yake malamin dabbobi. Da yamma kuma, lokacin da abokan aikinsa ke miƙe ƙafa a gida, shi yake fara zagayen da ba wanda ya sa shi: akuyar da haihuwa ta zo wa da gardama, tunkiya mai zawo, jakin mai itace da ya taka ƙusa. A shekarar cutar bushiya, da shanu suka yi ta faɗuwa, sai da iyalinsa suka kusa manta kamanninsa. A watan jiya ya ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗoriya, kuma in ban da 'yar walimar da maƙwabta suka haɗa masa a ƙofar gida, ba wanda ya ce masa sannu.

Mu 'yan unguwa kuwa da tsokana muka saka masa. Mun laƙaba masa suna Tana-Ci, domin ba ka isa ka ambaci kyanwa a gabansa ba sai ya ja birki ya sauko, ya tsare ka da ido ya ce, "Tana ci kuwa?" Mun sha dariyar dattijon da ke tsayar da keke saboda mage, shi kuma bai taɓa ramawa ba. Kaɗan ne cikinmu suka san inda tambayar ta samo asali.

Akwai wani malamin zaure a lungunmu, marigayi Malam Aƙilu, wanda ya gaji littattafai na rubutun hannu daga kakanninsa, kowanne a cikin gafakarsa ta fata. Ɓera kuwa ba ruwansa da darajar littafi, don haka Malam ya ajiye wata farar kyanwa mai ɗigon baƙi a goshi. Ɗaliba yake ce mata, wai ita kaɗai ce ba ta taɓa fashin karatu ba. Allah bai ba shi haihuwa ba shi da matarsa, Gwaggo Asama'u, kuma kowa ya san Ɗaliba ta wuce mai gadin littattafai a gidan.

Wata rana Malam Zailani ya tsaya gaisuwa, ya tarar tana kokawa da gashin kazar da Malam ke kakkaɓe littattafai da shi. Ta cafke shi, ta mirgina a tabarma, sai ga atishawa a jere.

"Yarhamukillahu," in ji Malam Aƙilu, fuskarsa ba alamar wasa. Ya juyo. "Likita, ɗalibata ko mura ce ta kama ta?"

Malam Zailani ya ɗaga ta ya duba. Hanci a bushe, ido garau, tana ta mutsu-mutsu a sake ta.

"Allah ya gafarta Malam, ba komai. In suna wasa hancinsu na ƙasa, numfashi na sauri, sai ƙura ko gashi ya shiga ya yi musu susa. Atishawar ce ke fitar da shi. Ga ta nan ma ta koma kan gashinta."

Malam ya ji daɗin amsar har ya kai labarin cikin gida. Daga ranar, duk atishawar da Ɗaliba ta yi sai a yi mata addu'a a yi dariya.

Wata damina a ƙarshen shekarun tamanin Malam Aƙilu ya rasu. Aka rufe zaure, Gwaggo Asama'u ta shiga takaba, Ɗaliba ta koma ɗakinta tana kwana a kan buzun Malam. Mai takaba ba ta fita, namiji kuma ba ya shiga, saboda haka da atishawa ta dami kyanwar sai Gwaggo ta aiki ƙanwarta Rabi, wadda ta zo taya ta zama.

Ana jajibirin Babbar Sallah ne, kowane gida da ragonsa, kowane rago da matsalarsa. Rabi ta tare Malam Zailani a bakin lungu, wani mutum na gaba yana azalzalarsa saboda ragonsa ya kumbura.

"Malam Zailani, Yaya ta ce a gaya maka kyanwar Malam tana ta atishawa."

Ƙafarsa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda, ya ce, "Ɗaliba? Ai ta saba. Ƙura ce, ki ce mata ba komai." Ya wuce.

Sai bayan an gama hidimar Sallah ya je gaisuwa, ya tsaya a zaure ya yi sallama. Rabi ta fito da Ɗaliba naɗe a zane. Idanunta sun manne da kwantsa, majina mai kauri ta toshe hancin, da baki take numfashi. Ya ja fatar wuyanta, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Sai a lokacin ya yi tambayar da ya kamata ya yi a bakin lungu.

"Tana ci kuwa?"

"Tun kafin Sallah rabonta da abinci," in ji Rabi. "Har hantar layya aka ba ta, ta kau da kai."

Ya san dalili: kyanwar da ba ta jin ƙamshi ba ta ci, wadda ba ta ci kuma ba ta daɗewa. Ya tafi da ita gidansa. Ya wanke mata ido da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ya turara mata tururin ruwan zafi, ya yi mata allura, ya jiƙa busasshen kifi ya ɗumama ko ƙamshin zai ratsa. Matarsa Barira ta ce ba ta taɓa ganin ya yi wa wata dabba irin wannan jinyar ba. Amma an makara, Ɗaliba ba ta tashi ba.

Da kansa ya mayar da zanen, a wanke, a ninke. Gwaggo Asama'u ta zo bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida, ya faɗa mata. Ta ce:

"Allah ya saka da alheri, Zailani. Na ga tana ramewa, na so in sake aikawa. To amma Malam ya sha faɗa mini, in ka ce ba komai, to ba komai ne."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi yi masa ciwo. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Ya kai mata 'yar kyanwa, ta mayar. Ya sake kai wata, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ga ɓeraye sun gane gida ba mai gadi, har sun fara taɓa gefen wata gafaka. Sai Malam Zailani ya ɗauki aikin Ɗaliba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Rabi ta buɗe masa zaure, ya kakkaɓe littattafan, ya toshe ramuka, ya ɗana tarko. Shekaru yana yi, mu kuwa muna zaton karatu yake zuwa yi.

Malam Zailani, kai ne ka koya wa unguwar nan bambance atishawa da atishawa, ba mu ma san muna koyo ba. Yau ko tsohuwar da ba ta taɓa leƙa asibitin dabbobi ba ta san cewa atishawar wasa tana ƙarewa tare da wasan. Wadda ta kwana ta tashi, ta zo da majina mai kauri, ko kwantsa, ko jini, kyanwa ta lafe ta ƙi abinci, wannan ba a kwana da ita. Kyanwoyi nawa suka rayu saboda tambayar da muka mayar abin dariya? Abin da ke damuna shi ne sai da gwiwoyinka suka gaza, keken ya jingina da bango, sannan muka gane abin da muke da shi, kuma har yau ba wanda ya ɗauki akwatin.

Bara ne Gwaggo Asama'u, da tsufa ya kama ta sosai, ta yarda ta karɓi 'yar kyanwa daga hannun Malam Zailani. Ranar walimar ajiye aikinsa, an zuba shinkafa, liman ya gyara murya zai yi addu'a, sai ga Rabi ta raɓo ta durƙusa gefen Malam Zailani.

"Yaya ta ce ƙaramar tana atishawa, amma wai kada a tashe ka, ta san ƙura ce."

Ya nemi takalmansa. Aka ce, "Haba Malam, taronka ne fa!" Ya ce a ci gaba, yanzu zai dawo. Ya dogara sanda har zauren Gwaggo, aka miƙo masa kyanwar. Hanci a bushe, ido garau. Duk da haka sai da ya sa aka kawo ɗan kifi, ya zauna a kan dakali yana kallo har ta lashe kwanon. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a bayan ƙyaure.

"Gwaggo, na gani da idona. Ba komai."

Mun gode, Malam Zailani, kuma ka yafe mana dariyar da muka yi. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa aikinka a mizani. Mu kuma da muka rage, ma'aikacin asibiti ne ko na ofis ko maƙwabci kawai, in an tare mu a bakin lungu da ƙaramar damuwa, mu sauko daga kan keken tukuna. Akwai wanda ke bayan ƙyaure, ya yarda da duk abin da za mu ce.