Ranar da Na Tsare Filash da Ido

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: na haura shekara hamsin ban taɓa yin hoto da idona a buɗe ba. Na yi iyo a tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, tana cike maƙil, na taɓa cafke maciji cikin auduga, amma da fitilar mai hoto ta yi wal, sai idona ya rufe kansa, bakina ya kama tasbihi. Hoton aurena yana nan a akwati. Amarya tana kallon duniya, ango yana barci a tsaye.

Aikin innata ne, Allah ya jiƙanta. In damina ta sauka aka fara walƙiya, sai ta ce, "Ku runtse! Tana fizge gani." Wanda ya leƙa ya sha ranƙwashi. Sauran yara sun girma sun manta, ni kuwa jikina ya riƙe. Da ma ranƙwashi ya fi allo zama a kaina.

Hasken nan na mai hoto sunansa filash. 'Yata da ta yi jami'a a birnin Madani ta ce Turanci ne, kuma bai tsaya nan ba. Walƙiya kanta da shi ake faɗinta. Mota ta kanne maka fitila a hanya, filash ne. Ɗan ƙarfen da mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ke cusawa a rediyo waƙa ta tashi, shi ma filash. Wani alhaji daga Najeriya ma ya ce min a wajensu, ka kira mutum ka katse kafin ya ɗaga, ka yi masa filashin. To kalmar Turanci ɗaya na sani, amma tana aikin mutum biyar, kamar ni ranar cirar auduga. Sai dai cikinsu duka, na mai hoto ne ya kusa raba ni da gonar ubana.

Da babana ya rasu, dattawa suka zauna suka ce hawasharsa, wato gonarsa ta ruwan tur'a, ni zan riƙe. Saura a juya suna a ofis kafin wata ya ƙare, kuma ba a juyawa sai da katin shaida. Ni ban da shi. Ɗan baffana, wanda nake ce wa Yaya, yana da nasa har da leda. Ya same ni ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. A sa sunana, in riƙe maka."

Na ce na gode. Amma ko ban yi makaranta ba, na san ba a ba kura ajiyar nama.

Muka hau mota zuwa Madani ni da uwargida. Aka ɗauke ni hoto, na kai ofis. Ma'aikacin ya duba, ya dube ni, ya ce da Larabci, "Ya Hajj, mu na masu rai muke karɓa."

Muka koma wajen mai hoton, wani ƙaton mutum mai kofin shayi a hannu. Ya ƙirga uku ya danna, na runtse. Ya danna ba ƙirge, na riga shi. Ya ja ni da hira kan ruwan bana, ya danna a tsakiyar magana, nan ma idona ya ji ƙanshin abin. Ya juyo min da bayan na'urar in gani. Ga ni nan jere, duk ina barci.

Uwargida ta ce, "Malam, ko in samo tsinke in tokare maka su?"

Na ce, "Ke dai riƙe min sandata."

"Mi za ka yi da sanda? Makaho ai sai ya fita waje."

Na roƙi mai hoton mu fita rana a yi ba fitila. Ya ce ofis ba sa karɓa sai na farin bango. Ya ajiye shayinsa ya ce, "Wai me za ka yi da katin nan da kake gumi haka?"

Na ba shi labari, da Larabcina mai ƙanshin daddawa. Sannan ya nuna gilashin na'urar ya ce, "Ba ni ba ne a nan. Ɗan baffanka ne."

Na gyara rawanina na duba. Wallahi sai ga Yaya a kan gaɓar hawasha, hannu a goye a baya kamar mufattishi mai duba gonaki, yana nuna wa mutane inda za a buɗe ruwa. A daidai wurin da babana ke tuɓe takalmi ya shiga taɓo. A daidai kunyar da na fara riƙe fartanya. Haske ya tashi fari fat, ya shige min har ƙeya, hawaye suka zubo. Ban runtse ba. Tasbihin ma sai daga baya na biya.

Mai hoton ya duba, ya ja da baya. Uwargida ta leƙa ta ce, "A'uzubillahi." Idanu ne jajaye a waje, kamar na wanda ya kama akuya cikin dawarsa. Da na kai ofis, ma'aikacin hatimi kawai ya buga. Sunana ya hau takarda saura kwana biyu wata ya mutu. Har yau ni ke noma hawashar, kuma hoton nan ban ga wanda ya kai shi kyau a ƙauyenmu ba, ko da yake ni kaɗai ke da wannan ra'ayi.

Ranar da katin ya fito, na kai shi gindin bishiyar masallaci bayan la'asar. Ya bi hannu hannu, ana dariya, wani ya ce a rataye shi a gona tsuntsaye su huta da mu. Da ya iso hannun Yaya, bai yi dariya ba. Ya nesanta shi, ya kusanto da shi, ya daɗe. Sannan ya miƙo min, ya ce:

"Ƙanena, wannan kallon ni ake yi wa, ko?"