Saniyar da Take Fasa Shingen Abokina

Shekarun baya can, lokacin ina karatu a Manchester, ina zaune a wani ɗan flat na haya a unguwar Levenshulme, na yi wa abokina hassadar da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, council, wato ƙaramar hukuma, ko'ina sai rage ma'aikata take yi. Akwai wani fili a bayan Birmingham da ake sakin shanu su ci ciyawa don kada wurin ya zama kurmi. Aka sallami masu kula da su, aka kawo sabuwar dabara. Kowace saniya an rataya mata na'ura a wuya. Mutum zai zana layi a taswirar wayarsa, in saniya ta doshi layin na'urar ta yi mata ƙara, in ta ƙi juyawa lantarki ya ɗan ja ta. Shingen ke nan, ba a ganinsa da ido.

Mutum ɗaya suke nema ya riƙa lura da abin. Ni na ga tallar, ni kuma na tura wa abokina da ke unguwar Sparkhill a Birmingham ɗin don mu yi dariya. Ɗan cikin birnin Kano ne, kwamfuta ya karanta, saniya kuwa sai dai a tukunya ya san ta. Ni a ruga aka yanke mini cibiya, shi ya sa ma yake tsokanata da Ardo. Muka nema mu biyu. A wurin intabiyu, don tsabar iyayi, na ce wa Turawan ni ba na buƙatar waya, da baki nake kiran shanu su zo. Har gwada musu kiran na yi! Wata mata ta yi murmushi ta rubuta wani abu a takarda. Abokina suka ɗauka.

Na yi masa Allah sanya alheri, amma ko ni ban yarda da muryata ba. Ina can wani sito ina jidar kwalaye, shi yana turo mini hoto yana kishingiɗe da kofin shayi, wai yana kiwo. Kai, abin ya tsaya mini a rai.

Bayan 'yan makonni sai ga kiransa, murya a sanyaye.

"Ardo, ka taimake ni. Kwana uku ke nan wata saniya tana fasa layin, sauran su bi ta. Jiya har kusa da titi. Manaja ta ce in ban gyara ba zuwa Litinin, probation ɗina ya ƙare, gwajin da suke mini na faɗi, za su kore ni."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ran Asabar na hau jirgin ƙasa, kuma ba taimako ya kai ni ba, kallo na je.

Muna isa filin ya sa mini waya a fuska. "Ka ga wannan ɗigon? Ita ce. Na yi reset, na kashe na'urar na kunna, na duba batir, komai lafiya."

Ni ban kalli ɗigo ba, saniyar na kalla. Ja ce, ta ware daga garke, ba ta kiwo, ta kafe ido a kan wani duhun ƙayoyi can gaba. Hantsarta ta cika tam, har nono na ɗiga. Ko minti ɗaya ban yi ba na gane. Ta haihu ne ta ɓoye maraƙin a cikin duhun nan, yadda suke yi, shi kuma gogan naka ya matsar da layinsa daga kan gado ya raba uwa da ɗa. Tunda babu mai taka filin da ƙafa, ba wanda ya sani.

Ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "To, ni me na sani? Ku ne masu app ɗin waya."

Na zura hannu a aljihu. Raina yana ce mini Litinin ai jibi ce, kuma in sun kore shi sun san inda lambata take.

Muna nan tsaye saniyar ta sake dosar layin. Na'urar ta fara ƙara, ba ta juya ba. Lantarkin ya ja ta, ta zabura, ta ja da baya. Sai ta miƙa wuya ta yi wani kuka ƙasa-ƙasa, irin wanda uwa kaɗai take yi. Rabona da jin wannan kukan tun a gida. Ta sake yunƙurawa za ta koma.

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. "Kashe abin nan! Goge layin, malam, ɗanta na can!"

Ya goge layin. Ta kwasa a guje, muka bi ta. Ga maraƙi kwance cikin ciyawa, ya miƙe da ƙyar ya kama mama. Abokina ya rungume ni, yana ta "Ardo, ka cece ni, wallahi ka cece ni."

Aikin ya zauna masa. Ni na gama karatuna na kama wani abin daban, kuma lafiya lau muke.

Abin da na gane game da kaina a filin nan bai yi mini daɗi ba. Na iya tsayawa ina kallon abincin abokina zai zube, ban ce uffan ba. Har yau in muka haɗu a taro sai ya dafa ni ya ce wa mutane ga amininsa da ya taso takanas daga Manchester don ya fitar da shi kunya. Ni dai sai in yi murmushi in sunkuyar da kai, su ɗauka kawaici ne. Bai taɓa sanin don saniyar na yi magana ba.