Gansakukar Jiratawa da Ɓeran Tudu

Ana sallame sallar asuba muka bar Sabon Gari a kan moto, ni da ƙanen matata, malamin kimiyya a lise, wato babbar sakandare. Makarantu na rufe saboda yajin aiki, shi ne ya samu sukunin haukarsa. Wai abu biyu ke gab da ƙarewa a ƙasar Maradi: wata gansakuka mai laushi da ta rage a tsohuwar rijiya guda a Jiratawa, da wani ɗan ɓera mai jan baya a kan tudun da gulbi ke kewayewa da damina, bayan Tsibiri. Ni dai ban yarda ba. Lokacin kowa da jam'iyyarsa, na ɗauka yawon siyasa ya jawo ni.

Jandarmomin hanya ma sun daɗe suna jujjuya gilashinsa na ƙara girman abu kafin su sake mu.

A Jiratawa muka sha fura mai tsami, muka ratsa lambuna. Malam ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar yana leƙe, wallahi har da ƙwalla. Mata suka ajiye guga suka yi cirko-cirko.

Wani dattijo ya ce, "Samari, wa ya turo ku? Masu duba tsabta ne?"

Muka rantse ba wanda ya turo mu. Ya ce madalla, irin wadda ba ta kai zuci ba.

A tudun Tsibiri gero ya cinye rabin wurin. Muka wuni gadin ramuka, ko wutsiya ba mu gani ba, manoma na ta hararar mu, a zatonsu fili muka zo aunawa. Malam ya ce, "Yaya, ɓeran nan na fi ji wa tsoro. Ga kyanwa, ga garma. Gansakuka ba ta da maƙiyi sai fari."

Washegari muka koma Jiratawa don ya ɗebi kaɗan ya raya a gida. Innalillahi! Rijiya fes. An zura mutane da igiya, sun kankare bangonta tas da fartanya.

Dattijon ya tarye mu da fara'a. "Ku hwaɗa ma manyanku ruwanmu tsab yake. Don Allah kar a ruhe muna rijiya."

Malam ya mayar da gilashinsa aljihu, muka kamo hanyar gida. Tausayinsa ya kama ni, kuma ban ga laifin dattijon ba, daga rijiyar nan iyalinsa ke sha. Abin da na koyo shi ne, a lokacin da ba wanda ya yarda da wani, kallo kaɗai ya isa ɓarna. Ɓeran da ya ƙi fito mana yana nan a raminsa. Wadda muka gani da idonmu ce babu.