Neman Ragi Ya Ceci Madam

Jama'a, yau na ga ikon Allah a ƙofar gidana a Barnawa!

Na sa firizata a kasuwar intanet, dubu ɗari uku. Wani ya bugo: "Alhaji, na saya. Matata za ta zo dubawa, amma kar ka yi mata maganar kuɗi, ba-zata zan yi mata."

Can sai ga wata Madam a keke daga unguwar Television. Ta duba firiza, ta zaro waya za ta tura kuɗi. Sai ta dakata.

"Oga ya ce kar in yi ciniki da kai, amma ni ko tumatir ba na saye ba ragi. Dubu ɗari da hamsin ɗin nan, a duba mana."

Na ce, "Wane oga? Ba mijinki ya aiko ki ba?"

Ta dafe ƙirji. "Mijina ya rasu tuntuni! Mutumin cewa ya yi firizarsa ce, kai direbansa ne!"

Innalillahi! Ashe hoton firizata ya sata a intanet ya tallata a rabin kuɗi, ya ba ta lambar asusunsa!

Na kira shi: "Oga, direbanka ne." Ƙit, ya kashe!

Madam ta share gumi, ta shafa firizar. "To Alhaji, yanzu nawa gaskiya?"