Idon Baba Ɗanladi Lafiyarsa Ƙalau

Shekara shida ke nan da muka kai surukina, Baba Ɗanladi, makwancinsa, kuma har yau a Nasarawa Gwom in aka ambace shi sai wani ya ce, "Allah sarki, tsohon da idonsa ya ci amanarsa." Ni na jawo masa wannan magana.

Baba leburan gandun daji ne, bai taɓa shiga aji ba. Amma itacen turare, wanda kowa ke gani iri ɗaya, shi ya san kowanne kamar 'ya'yansa. Sai ya shafa ɓawo, ya murza ganye ya sansana, ya juya ƙwanson iri a tafin hannu, ya ce wannan zai miƙe ya yi falwaya, wancan rastata ne mai tashi a karkace, sai dai murhu. Shi ya ba ni 'yarsa Hajara, shi ya sama mini aiki a ƙarƙashinsa.

Wata shekara aka so a dasa masu miƙewa a kan tsofaffin ramukan kuza wajen Kuru. Baba ya zagaya ya shafa wa itatuwan da ya zaɓa farar ƙasa, ya ce in hau in ɗebo iri. Dogaye ne, ga santsi. Tsoro ya kama ni. Na gangara bakin tafki inda rastata ke da rassa ƙasa-ƙasa, na cika buhuna.

Da irin ya tsiro, sai na tarar da Baba tsugune a kan shukar. Bai ɗago ba ya ce, "Idi, ka hau kuwa?"

"Wallahi na hau, Baba."

"To," ya ce. "Wanda ya rantse ya gama magana."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Itatuwa suka tashi a karkace, oga ya zo daga Rayfield da motarsa, ya tara mu yana faɗa. Baba ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne. Idona ya daina rarrabewa." Ina tsaye a bayansa ina ji. Aka sallame shi. Ko sau ɗaya bai tayar mini da zancen ba har ya rasu, don kada gidan 'yarsa ya rasa abinci.

Yanzu masu takarda ne ke riƙe da gandun. Sai su karanta allon da aka kafa a gindin itace sannan su faɗi sunansa, in iska ta kayar da allon shi ke nan. Da Baba zai leƙo, ban san wa zai fi ba shi takaici ba, su ko ni da na gaji kujerarsa ina koya wa sababbi murza ganye, suna cewa Malam Idi gwani ne. Tuwon girma miyarsa nama, ni kuwa da naman surukina na yi tawa miyar.

Bai bar gona ba, bai bar gida ba. Sunansa kaɗai ya mallaka, shi ma ya kashe shi a kaina. Hajara ba ta iya karatu ba, amma maƙwabta za su karanta mata wannan labarin, kuma ban san ko za ta sake zuba mini ruwan alwala ba. Duk da haka a gaya wa kowa: idon Baba bai taɓa kuskure ba. Ni ne ban hau ba.