Kanwar Kawu Haruna

Yau shekara biyar ke nan da rasuwar kawuna, Malam Haruna Tsiga, shugaban masu gadin ƙaramin filin jirgin da ke bayan Funtua. Shi ya nema mini aikin malamin sito a wurin, da na gama firamare.

Filin ba shi da shinge, kuma tsohon burtali ya ratsa gefensa. Saniya ɗaya in ta hau hanyar jirgi lokacin sauka, sai dai addu'a. Kawu bai taɓa korar makiyayi da sanda ba. Duk faɗuwar damina yakan je kasuwar Bakori ya sayi kanwa da kuɗin da aka ware wa sashensa, ya kai wa Ardon makiyayan gaisuwa, Ardo kuma ya hana yaransa bi ta filin. Masu kanwa ba su san rasit ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Da mai binciken kuɗi ya zo daga Kaduna, bai wulaƙanta kowa ba. Aikinsa ya yi. Ya tambayi Kawu inda kanwar take.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, tana cikin shanu. In kana so in kai ka ka tambaye su."

Mutumin ya juyo gare ni. "Malam Isa, ta taɓa shiga sitonka? Ka ga an saye ta da idonka?"

Na ce ba ta shiga ba, ban kuma gani ba. Gaskiya ce. Ni mutum ne mai tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Amma na sha ganin rigar Kawu ta yi fari fat da garin kanwa in ya dawo, ban ambata ba, don ba a tambaye ni ba. Aka sallami Kawu daga aiki. A Tsiga har aka fara cewa ya ci kuɗin gwamnati.

Bai taɓa yi mini maganar ba. Ranar sallah ma shi ya aiko wa 'ya'yana nama, na kasa ci.

Yanzu an kewaye filin da waya, kowane kaya yana shiga sito da rasit da hatimi, ni nake karɓa. Ban ce hakan laifi ba ne, dukiyar jama'a ce. Sai dai ina tunanin da Kawu zai ga masu gadi suna bin shanu da gudu ta inda aka yanke wayar, zai tambaya ko akwai wanda ya je ya gaida Ardo bana. Babu.

Bai bar gona mai yawa ba. Sunansa ya bari, shi ma da tabo. Don haka mutanen Tsiga da ke karanta wannan, ko a karanta musu: kanwar an saye ta. Ni Isa, ɗan ƙanwarsa, na shaida. Allah ya jiƙansa.